Bargon Ƙanƙarar Ya Gumsu

Har yau a Gamboru akwai masu cewa asiri Ya Gumsu take yi wa ƙanƙararta. Ƙarya suke yi. Shekara goma sha biyar matar nan ta yi tana sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa, da ita ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta, kuma kayan aikinta ba su wuce tsohon bargo da buhunan algarara da dusar katako ba.

A azumin 1988, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, ƙanƙara ta yi wuya. Joseph, direban da ke kawo ta, ya ce mutum ɗaya zai riƙa sauke wa a layinsu. Sai ga Malam Kashim, tsohon akawu da ya kafa teburin sayar da ƙanƙara jiya-jiya, wai shi ya cancanta. Joseph ya ba shi da Ya Gumsu dunƙule guda-guda da hantsi, ya ce wanda tasa ta fi auki zuwa la'asar, shi ke da kaya.

Ya Gumsu ta binne tata a dusa, ta naɗe da buhu, ta lulluɓa mata bargo.

"Ya Gumsu, zazzaɓi take yi ne?" in ji Malam Kashim. "Bargo a wannan rana!"

"Bargo ba wuta gare shi ba, Malam, hanya yake tarewa. A jikinka ya hana zafi fita, a nan ya hana shi shiga."

Shi kuwa ya tuna yadda matarsa ke jiƙa tsumma ta naɗe randa, ruwa ya yi sanyi. Sai ya dinga kwara wa buhunsa ruwa. Ita ko da buhu ya yi danshi sai ta zare shi ta shanya, ta sa busasshe. Ta san iskar da ke maƙale cikin zaren ce ke tare zafi. Ruwa na korar ta, shi ke nan, zafi ya samu ƙofa. Sau biyu fa tana gaya masa! Ya ce mai takardar sakandare ba ya ɗaukar darasi a wurin mai bargo.

Da la'asar Joseph ya dawo. Ƙanƙarar Malam Kashim ta koma kamar sabulun wanka, ƙasan teburinsa duk caɓi. Ta Ya Gumsu sai da ya sa hannu biyu ya ɗaga.

"Mama, gobe guda nawa?"

"Shida. Kuma ka zo da wuri, ban da tsayawa hira a Gomari."