Mai Gyaɗar Tashar Kabo

Awa biyu ke nan ina zaune a tashar Kabo ina jiran motar Gwarzo ta cika, na gaji har da duba agogo. Gefena wani dattijo ne ke sayar da gyaɗa mai gishiri. Rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, ga biro a aljihu. Daga yadda yake ɗaga yatsa in zai yi magana, ina jin malamin makaranta ne da aka sallama a shekarun tsuke bakin aljihu.

Wani tsohon littafin Turanci yake yaga yana ƙunshe gyaɗar. Na leƙa, ashe tarihin yaƙin basasar Amurka ne, wanda aka gwabza a kan bautar da bayi. Sojoji, gonakin auduga, jiragen ƙasa, duk suna tafiya a hannun fasinjoji. Kowane shafi sai ya dube shi kafin ya naɗe, kamar mai sallama da ɗalibi.

Yana kaiwa wani shafi sai ya tsaya. Hoton wani bawa ne a zaune, bayansa duk tabon bulala. Ya lailaye takardar a cinya, ya sa a aljihu.

Matar da ke jiran ƙunshinta ta ce, "Malam, sunan Allah ne a jiki? Tun da aka kawo Shari'a kowa ke kiyayewa."

Ya yago wani shafin. "A'a, Hajiya, mutum ne. Bulalar da ya sha ta isa, ba sai an tattake shi a tasha ba."