Mutumin da Ya San Hanyar Ruwa

Shekara talatin da huɗu ya yi yana yashe lambatu a ƙarƙashin ƙaramar hukuma, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Baba Lambatu. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Yakan ce wanda ya raina sunan sana'arsa, abincinsa ya raina.

Ya kama aiki zamanin da dubagari ke bi gida gida da gajeren wando da littafi a hammata, suna leƙa randa, suna duba bayan ɗaki. A lokacin shara ba ta wuce ganye da toka da tsumma ba, abin da ƙasa kan cinye kafin damina biyu. Leda ba ta zo ba tukuna. Aka ba shi shebur, da manjagara mai haƙora shida, da baro, da takalmin roba da ya fi ƙafarsa girma, aka ce layi goma sha biyu na bayan kasuwa nasa ne. Tsohon da ya gada ya koya masa abu guda kafin ya tafi, cewa kada ya yarda da ido a kan gangare. Ido kan ce nan ne tudu, ruwa ya zo ya ƙaryata shi. Shi ya sa ba a raba aljihunsa da ɓawon lemo. In an yi ruwa sai ya jefa guntu a lambatu ya bi shi da ƙafa. Inda ɓawon ya rage sauri, yashi ya taru a ƙasa. Inda ya tsaya yana juyi, wani abu ya toshe. Da matarsa ta gaji da tsintar busasshen ɓawo a cikin wanki, sai ta ɗinka masa 'yar jaka.

Saura wata uku ya ajiye aiki hukuma ta fito da sabon shiri. Aka kawo manyan kwandunan shara iri biyu, ɗaya na leda da robobi, ɗaya na sauran tarkace. Aka kafa kwamitin tsafta a kowace unguwa. Aka kuma ce za a zuba wa lambatun layukan sama siminti, a gina kwalbati a mararrabar bayan kasuwa. Injiniyar da aka ba aikin matashiya ce, ba ta kai 'yarsa ta biyu a shekaru ba, mai ladabi da saurin tafiya. Ran Talata ta shafa jan fenti a hannun dama na mararrabar, inda za a haƙa.

Baba Lambatu ya jingina baro ya daɗe yana kallon fentin. Ya san ruwan layukan sama ya bar bin dama da daɗewa. Hagu yake yi, ya gangara layin maɗinka, wanda ba ya ɓullewa ko'ina. A ƙarshen layin ne ƙanwarsa take da shago da ɗaki ɗaya a bayansa, da keken ɗinki uku da take ciyar da marayunta da su. Yanzu lambatun ƙasa kan shanye rabin ruwan kafin ya iso. In aka yi siminti, gaba ɗayansa zai taho a guje, kwalbatin kuwa yana can gefe a bushe.

Ya cire hula ya matsa kusa. "Ranki ya daɗe, fentin nan ba wurinsa ba ne."

"Baba, ka daina ce mini ranki ya daɗe, ka haife ni. Taswira ce ta ce nan."

"Taswirar shekararta nawa?"

Ta duba kusurwar takardar. "Ashirin da shida."

"Ashe ta isa aure. Bayan an zana ta sau uku ana ɗora wa titin dama kwalta a kan kwalta, sannan aka cike tashar manyan motoci da jar ƙasa. Ruwa ba ya karanta takarda, 'yata."

Ta yi dariya, amma ba ta goge fentin ba. Ta ce na'urar auna gangare tana wani aikin, sai bayan mako uku za a dawo da ita, ɗan kwangila kuwa ran Litinin zai fara haƙa. "Ban ce ƙarya kake ba, Baba. Amma ba zan shiga ofishin shugaban sashe in ce masa Baba ya ce ba. Ka nuna mini, ni kuma in nuna masa."

Rani ne tsaf, ko gajimare babu. Da yamma ya biya shagon ƙanwarsa ya zauna a benci ya gaya mata komai. Ba ta tsayar da keke ba.

"Yaya, shekara talatin kana cikin kwata ba wanda ya tambaye ka ko ƙarfe nawa, yau ne za su ji maganarka? Sai dai ka roƙo mana ruwan sama."

Tana cikin magana wata maƙwabciya ta fito da baho ta watsa ruwan wanki a lambatu. Ya bi shi da ido, ya ga ya yi taku biyar ƙasa ta shanye shi. Ya ce a ransa, baho ɗaya ke nan. Gidajen layukan sama kuwa ya san adadinsu kamar 'ya'yan cikinsa, tamanin da bakwai ne.

Kwana uku ya yi yana bin gidajen bayan ya tashi aiki, shugaban kwamitin tsafta, wani tsohon malamin makaranta, yana gaba yana yi masa sallama. Roƙon guda ne. Ran Asabar kowane gida ya tara ruwan wankinsa, kada a zubar, sai an ji mai waldan unguwar ya buga ƙarfe da goma na safe, sannan a juye shi a lambatun ƙofar gida lokaci ɗaya. Wata tsohuwa ta ce tun da take ba a taɓa roƙonta dauɗa ba. Wani magidanci ya tambaya ko hukuma za ta ba da sabulu. Gida tara suka ce ba ruwansu.

Ran Asabar injiniya ta zo ba hular kwano, waya a hannu. Mai walda ya rataye tsohon ƙarfen tayar mota ya buga sau uku. Aka ji ƙarar bokitai daga layukan sama. Can sai ga ruwan ya taho, toka-toka da kumfa, yana tura ledoji a gabansa, bai fi tsayin idon sawu ba. Baba Lambatu ya buɗe jakarsa ya jefa ɓawo guda, ya bi shi yana ɗingishi, injiniya tana biye tana ɗauka da waya. A mararraba ɓawon ya ɗan yi jinkiri daidai jan fentin, ya juya sau ɗaya, ya yi hagu. Suka bi shi har ƙarshen layin maɗinka, inda ya tsaya a jikin dakalin shago. Ƙanwar ta leƙo da almakashi a hannu.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Baƙon nan duk shekara sai ya kwana mana, yau dai ya zo da ɗan rakiya."

Injiniyar ta sake kallon abin da ta ɗauka tun daga farko. Sannan ta kira ɗan kwangila ta ce kada ya kawo motar haƙa ran Litinin, za a mayar da kwalbatin hannun hagu, a yanka masa hanya ta bayan tasha zuwa rafi, takarda za ta biyo baya. Ta ninke taswirar ta sa a jaka.

"Baba, sauran layukan naka fa? Taswira ɗaya ce da su."

"Ita ce dai."

"To kafin takardar sallamarka ta fito, sai ka zagaya da ni duka."

Ya shafa gwiwarsa ta hagu, ya yi ɗan lissafi.

"Layi biyu a rana, ba ƙari. Kuma ki sayo takalmin roba, wannan naki ba zai kai Laraba ba."