Mushe Na'Allah da Kwandonsa Marar Gindi

Da an sallame sallar asuba, duk wanda ya bi ta bayan kolejin garin nan zai tarar da Mushe Na'Allah, wato malamin wasanni, a duƙe, yana tsince ƙarangiya daga filin ƙwallon kwando. Sai ya yayyafa ruwa, ya daɓe ƙasar, ya hura ƙwallon nan guda da ya sha faci. Kafin 'yan lakwal, wato ɗalibai, su iso, gumi ya riga ya jiƙa shi. Wannan filin ne sabon direkta ya ce za a tuge sandunansa ran Juma'a a gina mangazar ajiye buhunan gyada, shi kuma Na'Allah a miƙa masa makulli ya koma mai gadi. Da ɓacin rai nake wannan rubutu, ba zan ɓoye ba.

A barikin soja ya koyi wasan, zamanin Nasara. Da ya tuɓe kaki, ya yi shekaru a Maradi yana ɗaukar wa wani Bature mai koyar da wasan usur da ƙwallaye. Aka samu 'yancin kai, Baturen ya tafi, kowa ya ɗauka shi za a ba wurin. Ina! Ƙanen matar wani babba aka ba, mutumin da ko tsalle bai iya ba. Shi kuwa aka cillo shi Dakoro, inda ba fili, ba ƙarfe, ba raga.

Ya sami Inna Lalla mai saƙar kaba, ya ce ta saƙa masa kwando biyu marasa gindi.

"Kai ɗan nan, lahiyarka ƙalau?" in ji ta. "Kwando ba gindi, mi za ya riƙe? Ni ba ni saƙa abin da za a yi mini dariya cikin kasuwa."

Ta saƙa su da gindinsu ɗam. Ya sa wuƙa ya yanke. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa, gari kuma ya laƙa masa Mai Hudajjen Kwando. Haka suke yi duk shekara: rana ta cinye kwanduna, ta saƙa da gindi, ya yanke.

Mutanen ƙauyen Bader Goula ba su manta da zancen Agali ba, dogon ɗalibin nan da ubansa ya cire daga koleji ya mai da shi kiwon raƙuma. Na'Allah ya bi su har bakin rijiya, ya tuɓe riga ya kama jan guga tare da uban, hannuwansa suka yi kanta, sai da tsohon ya ji kunya ya saki ɗansa. Da Agali ya ƙware, Maradi ta ɗauke shi, suka ciyo kofi. Ku je ku duba hoton. Ƙanen matar babba ne riƙe da kofin yana washe baki.

Kai ne ka yi renon yaran, Mushe, wasu suka sha tafi. Kai ne ka koya wa ɗan Buzu da ɗan Bahaushe miƙa wa juna ƙwallo, alhali iyayensu na zage-zage kan gona da burtali. Yau ladanka shi ne gadin buhu? Wallahi ko kunya ba su ji!

Jiya Inna Lalla ta zo filin tana dogara sanda, kwanduna biyu a kanta. Ta dire su gaban Na'Allah. Ya ɗaga ɗaya, ya hango sama ta cikinsa.

"Ungo," ta ce. "Wanga karo ban yi musu gindi ba, kada wani ya samu abin awon gyada."

Mun gode, Mushe Na'Allah, Allah ya saka maka. Ku kuma mutanen Dakoro, duk wanda ɗansa ya taɓa jefa ƙwallo a kwandon nan, ya fito ran Juma'a. Inna Lalla ta riga ta ce ƙarƙashin sandan kwando za ta shimfiɗa tabarmarta. Mai son tugewa, sai ya fara ɗaga tsohuwa.