Inda Baba Datti Ba Ya Jefa Koma

Baba Datti masunci ne a bakin dam ɗin Tiga, maƙwabcina ne, kuma wallahi ban taɓa ganin mai gardama irinsa ba. Ni tela ne. Da la'asar yakan zauna a bencin shagona, ya sa in karanta masa littafin tarihin da 'yata take karatu da shi. Ina ta jero sarakuna da yaƙe-yaƙe, sai ya katse ni ya tambaya ko garinsu na ciki. In na ce babu, ya ce ai littafin bai cika ba. 'Yan siyasa kuwa, a cewarsa, ba su san hanyar unguwarmu ba sai zaɓe ya ƙarato. Ko karfasar da yake kamawa ba ta tsira ba, wai ba ta kama ƙafar tuwon dawar mahaifiyarsa.

Garin nasu yana ƙarƙashin ruwa. Yana yaro aka tashe su saboda dam, aka kwashe kaya da awaki, amma makabarta ba ta ɗaukuwa. Mahaifiyarsa na can. Shi ya sa akwai wuri guda a tsakiyar ruwan da bai taɓa jefa koma ba, duk yawan kifin da ke wurin. In ya iso wurin a kwale-kwalensa, sai ya ajiye filafilin tuƙi, ya yi sallama, ya yi addu'a. Abokan sana'a sun yi tsokana har sun gaji.

Bana yanar ido ta kama shi. 'Ya'yansa suna Kano suna jan adaidaita, tsofaffin da suka san wurin duk sun rasu. Ya daina gardama, abin ya dame ni ƙwarai.

Wata safiya ya ce in raka shi. Ni da ko rafi ba na tsallakawa! Haka na daure na shiga kwale-kwalen. Ya ce in duba gabas, in faɗa masa idan ƙatuwar kukar nan ta bakin gaɓa ta rufe tsagar dutsen da ke bayanta. Da haka yake gane wurin tun yana saurayi, yanzu kukar ma ba ya hangowa. Ya yi ta tuƙi ina cewa dama, hagu, har kuka ta hau kan tsaga.

Ya ajiye filafili. Na ce masa ni fa baƙo ne daga garin Ƙofa, ban san kowa a ƙasan nan ba.

"Ba sai ka san ta ba," in ji shi. "Sunanta Hasiya. Ran da ba na nan, ka dai zo ka yi mata sallama."

Na ɗaga murya na yi sallamar. Shi ne ya amsa, yana share ido da bakin rigarsa.