Duniyata a Ƙarƙashin Faifai

Shekarar da aka yi wa bangon ɗakin yayanmu sabon yaɓe, a gidanmu na Ƙofar Gayan, kowane yaro ya samu duniyarsa. Magina sun gama aiki sun wanke hannu sun tafi, laka ba ta bushe ba tukuna. Yaya, wanda yake ajin ƙarshe a jami'a a lokacin, ya fito da murfin tukunya ya danna a tsakiyar bangon, ya ce wannan rana ce, amma ba tamu ba. Ya kwaso marfin kwano da gwangwanin madara da kofin shayi, ya bi ya daddanna su kewaye da ita, ya ja wa kowanne hanyarsa da tsinke. Mahaifinmu ya dawo daga ofis, ya tsaya ya ƙare wa bangon kallo, ya ce Allah ya sawwaƙe wa ɗan boko, ya shige ciki.

Yaya yana da wasu tsofaffin littattafan Turanci masu hoton jirage marasa fiffike, da yake sayowa a Sabon Gari. Bai taɓa karanta mana su ba. Nasa ya ƙirƙiro. Bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma a gindin bangon, shi yana tsaye da kara yana nuni. Akwai Duniyar Gishiri, inda teku ya ƙafe mutane suka koma zama a ƙarƙashin ƙasa. Akwai wadda rabinta ba ya ganin rana har abada, 'yan rabin duhu suna zuwa ɗaya rabin sayen haske a tulu. Tawa ita ce ƙarama, gindin kofin shayi, can nesa a lungun da bangon ya haɗu da ɗakin Kaka. Ruwan samanta shuɗi ne kamar ruwan baba, mutanenta duk marina ne. Ni na roƙa aka yi mini haka, kuma har yau ban ga abin dariya a ciki ba, ko da yake an yi mini.

Ranar tasu tsohuwa ce, ba ta da lafiya, kuma za ta rasa 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Wacce za ta fara tafiya, Yaya ya ce ba shi zai yanke ba, ruwa ne. Bangon yana kallon gabas, inda hadari ke tasowa, don haka duk ruwan da aka yi shi yake fara duka. Duniyar da zanenta ya goge ta faɗi ke nan. Da yamma Yaya zai ba da labarin yadda ta faɗi, da yadda waɗanda suka tsira suka cika jirage suka gudu zuwa ta gaba. Mai duniyar ya sha kuka, sauran mu yi masa ta'aziyya muna danne murna.

“Muddin akwai saura guda,” in ji Yaya, “labari bai ƙare ba.”

Daminar farko ta yi mana ɓarna sosai. Kafin lokacin kaka ya shigo, saura tawa kaɗai da rabin rana, don lungun ya kare ta. Duk 'yan gudun hijirar duniyoyin nan a wurina suka sauka, ni kuwa na yi ta hura hanci. Ana nan sai aka tura Yaya bautar ƙasa can Kudu. Ranar tafiyarsa ya dafa kaina ya ce, “Ki kula da mutanenki. In na dawo na tarar da ita, sai mu ɗora daga inda muka tsaya.”

Sauran yaran suka manta da bangon, suka koma ƙwallo. Ni kam da hadarin farko na damina ta gaba ya haɗu ta wajen gabas, sai na ruga gindin bangon. Kaka, mahaifiyar babanmu, ta same ni a lungun na tare duniyata da tafin hannu.

“Ƙawata, haka za ki tsaya har damina ta wuce?”

Na gaya mata komai. Ba ta gane maganar jirage ba, amma ta gane an bar mini ajiya. A gidanmu kuwa abin da aka ajiye wa mutum hanya ɗaya ake bi da shi: a rufe da faifai, kuma ba mai ɗagawa sai mai shi. Haka ake yi wa tuwon Baba, haka ake yi wa furar baƙo. Ta ɗauko sabon faifai mai ja da kore daga cikin na adonta, ta kifa a kan duniyata, muka kafe shi da ƙusoshi.

“Kada ki kuskura ki leƙa,” ta ce. “Na yayanki ne.”

Ban leƙa ba. Duk ruwan da aka yi sai na je na shafa faifan, na ji yana nan daram, na koma hankalina kwance. Rabin ranar ma ya wanke ya tafi, ban damu ba. Ban taɓa jin daɗin damina kamar wannan ba, kuma ina kewarta fiye da yadda nake kewar gidan kansa, wanda yanzu bulo da siminti ne daga zaure har ƙurya.

Yaya ya dawo bayan ɗaukewar ruwa, ya rame, ya tsayar da gashin baki, bakinsa cike da zancen aikin da yake nema a Kaduna. Na yi haƙuri masu sannu da zuwa suka ragu, sannan na ja hannunsa zuwa lungun. Kaka ta fito bakin ƙofa tana murmushi.

Ya kama faifan, sai gefensa kawai ya biyo hannunsa. Danshi ya zauna a bayansa duk damina, gara ta samu gida. Ta cinye cikin faifan, ta bi ciyawar da ke cikin yaɓen ta cinye, ta bar rami cike da jar ƙasa. Ruwan da ya ci sauran duniyoyin ya bar ɗan alamarsu. Tawa ko gefenta babu.

Yaya ya fara dariya, ya ga fuskata ya haɗiye ta.

“Wacce ce ma wannan? Ta Gishiri?”

Wannan tambayar ta fi garar yi mini ciwo. “Ta marina ce,” na ce.

Ya tsuguna. “To gaya mini, yaya aka yi ta faɗi?”

Na fara. Na ce ƙasa ce ta ruɓe a ƙarƙashin ƙafafunsu suna tsaka da rini, rijiyoyin baba suka zurme, kowa ya ɗauki ɗansa ya ruga filin jirgi. Na cika jiragen, na tashe su sama. Daga nan ban san inda za su ba, sai na kalle shi don ya karɓa. Shi ma yana kallona, yana jira in gaya masa.