Ko akuya ban sayar ba

Maigidana direba ne, albasa yake ɗaukowa daga Tabelot zuwa Agadez. Shekarar da ƙungiyarsu ta direbobi ta shiga asusun lafiya, ya dawo gida da wani kati mai hotunanmu, shi da ni da yara uku. Na yi mita har na gaji. Na ce mutum da lafiyarsa ƙalau ya riƙa biyan kuɗin ciwo duk wata, wannan ai kiran ciwon ne. Ya yi dariya ya ce in adana. Na cusa katin cikin kwanon da nake tara maɓallai, na manta da shi.

Bayan shekara biyu cikinsa ya kumbura. Aka kwantar da shi, likita ya ce sai an yi masa aiki.

Rana ta uku na dawo gida, unguwar Dagmanet, in ɗauki zannuwa, sai na tarar da yayarsa a tsakar gida tare da wani dillali. Mutumin yana auna ɗakin ƙofa da taku, yana ƙirgawa a baki. Ban ga laifinta ba. A nan haka ake yi: ciwo ya yi tsanani, a sayar da dabbobi, sai kayan ɗaki, sai gida. Ita ma da mijinta ya kwanta gidansu ta sayar, ya rasu, ta koma haya. Duk unguwa an san wannan, kuma ana girmama ta a kai.

Na ce, "Yaya, ba za a sayar ba. Akwai kati."

Ta ce, "Takarda ce za ta tashe shi?"

Na shige ɗaki. Na juye kwanon maɓallai na ɗauki katin.

Kwana ashirin da shida muka yi a asibiti. Duk ordonansin da aka rubuta, wato takardar likita, in kai tagar magani, in miƙa kati, su buga hatimi, in biya ɗan abin da ya rage. Aikin ma haka. Matar da ke jinya a gadon kusa da mu ta cire ƴan kunnenta a gabana ta ba ƙanenta ya kai kasuwa. Ni dai ina zaune ina yi wa nawa fifita. Ba na jin tsoro, ba na jin sa rai. Abinci ma sai an tuna mini.

Ya rasu ranar Talata da hantsi. Na naɗe tabarma, na wanke kofinsa, na tambayi ma'aikaciyar inda zan sa hannu.

A zaman makoki mata sukan lissafa ƙoƙarin da aka yi wa mamaci: wance ta sayar da raƙuma biyu, wance har keken ɗinkinta. Da aka zo kaina babu abin faɗi. Yaya ce ta cike gurbin, ba tare da ta dube ni ba.

"Ita ko akuya ba ta sayar ba."

Gaskiya ta faɗa. An yi masa duk abin da likita ya ce a yi, amma ba ni da abin da zan nuna. Na ji kunya, kunyar da har yau ban san ta mece ce ba. Hawaye kuwa bai zo ba, sai na ja mayafi na rufe fuska don kada a gane.

Na gama takaba, yara suka koma karatu lakkol, na fara tuyar ƙosai a ƙofar gida. Da damina ta kusa, mai gidan da Yaya ke haya ya ce yana son ɗakinsa. Ta zo da ƙunshin kayanta da butarta ta tsaya a zaure. Na share mata ɗakin ƙofa, wanda dillali ya ce taku bakwai ne.

A ciki take kwana yanzu. In baƙi sun zo, ina jinta ta labule tana ba su labarin rasuwar ƙanenta, da yadda matarsa ko akuya ba ta sayar ba. Sai in zuba mata shayi in kai mata.