Telar da ta juya imel ciki waje

Ga wata mata can a bencin tasha, ta cinye wurin mutum uku, tef ɗin awo rataye a wuya. Tela ce, wallahi, irin mai hango karkataccen ɗinki daga wata unguwa. Tabarau a karan hanci, tana karanta wa duk tasha imel daga wayarta, mai sunan banki: wai ta turo lambar sirrinta cikin awa guda, ko a rufe mata asusu.

"Lambar da ko maigidana bai sani ba?"

Ta danna sunan mai aikowa, kamar mai juya riga don duba ɗinki. Sunan banki a waje, adireshin ciki kuwa tarkace.

"Aikin ɗan koyo!" Ta goge, ta harɗe hannu. "Ga ni zaune, ɗan nema. Rufe in gani!"